Je Ki Gaya Wa Gwaggonki

Assalamu alaikum iyaye mata. Ni malamar firamare ce a nan Tudun Wada, shekarata ashirin da biyu ina riƙe da alli. Na fara da faɗin wannan ne don kada wata ta karanta ta ce ai jahilci ne. Ba jahilci ba ne. Na iya karanta katin asibiti, na kuma san hawan jini, shi ne ma ajalin maigidana shekara shida da suka wuce. Da idona a buɗe na yi abin da na yi.

'Yata ta fari shekararta ashirin da huɗu, kuma har zuwa makon da zan ba ku labari ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka tarar a gidanmu. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In ina son ta miƙo mini abu sai in ce "ke". In ina maganarta da wasu sai in ce "yarinyar nan". A aji ma in na zo kan mai irin sunanta a rajista, sai in ce "mai sunan 'yar gidana", yara su yi dariya. Ana yaye ta yayar maigidana, Gwaggo Lami, ta ɗauke ta zuwa Gyallesu, ba ta dawo hannuna ba sai da ta shiga aji biyar. Mata suna yabona, wai Malama akwai kara, akwai alkunya. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, yabon nan yana yi mini daɗi.

Da cikinta na fari ya shiga wata takwas, mijinta Kabiru, mai gyaran waya ne a Kwangila, ya kawo ta gida goyon ciki. Washegari Gwaggo Lami ta iso da ƙullin kayanta, ta sauka a ɗakin yarinyar. Tun daga ranar komai ya koma hannunta. Ni uwa ce, nawa in hura wuta in kau da kai.

Na kau da kai, amma ina gani. Na ga ƙafafunta sun kumbura har silifas ya daina shiga. Na ga ta cire zoben azurfarta ta zura a zare ta rataya a wuya. Ranar da ta dawo daga awo ta ajiye katinta a kan talabijin ta zaga bayi, na ɗauka na karanta a tsaye kamar ɓarauniya. An rubuta jininta ya hau, an ba ta ƙwaya safe da yamma. Na mayar da katin daidai inda na same shi. Gwaggo ta ce kumburin nan zaƙi ne ya yi mata yawa, ta jiƙa mata sassaƙe mai ɗaci. A lokacin dai ba ta hana ta shan ƙwayar ba, in faɗi gaskiya.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta haihu a wani ƙaramin asibiti kusa da mu, ta samu 'ya mace. Ni ban je ba, uwar 'yar fari ba ta zuwa. Ina aji ina koyar da lissafi aka zo aka gaya mini. Na ce "to, madalla", na ci gaba da rubutu a allo. Kafin la'asar an sallamo su. Nas ɗin ta ce jinin ya ɗan sauka, amma ta ci gaba da shan magani, kuma a dawo da ita bayan kwana uku a sake gwadawa. Kabiru aka gaya wa. To Kabiru surukina ne, ni da shi sai gaisuwa, shi a durƙushe a zaure ni a bayan labule. Sai ya gaya wa Gwaggo. Ina jin ta daga madafa tana cewa, "Ciki ya sauka, maganin me kuma? So kake ya bi nono ya shiga cikin jaririya?" Ta ɗaure ƙwayoyin a leda ta jefa cikin kwalla ta rufe.

Aka shiga wankan jego, safe da yamma, ruwa yana tafasa a garwa, ana tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata. Ta fito ta sha kunun kanwa. Gwaggo hannunta da nauyi wajen kanwa, cewa take yi ita ce ke wanke ciki ta kawo nono. Kanwar nan kuma ni na sayo ta a kasuwa da kuɗina, har ina zaɓen mai kyau.

Ranar Lahadi da rana ina zaune a ɗakina ina duba littattafan yara, sai inuwa ta tare ƙofa. Ita ce, ta dafa bango, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali.

"Inna."

"Na'am." Ban ɗago ba.

"Kaina ke ciwo tun jiya. Nan ƙeya, kamar ana buga mini taɓarya."

Na tuna katin nan. Na tuna babanta, shi ma da ƙeya ya fara. Amma akwai baƙi biyu a tsakar gida da suka zo barka, kuma na san kunnensu yana wajenmu. Na ja jan biro a kan littafin da ke hannuna, na ce, "Je ki gaya wa gwaggonki."

Ta ɗan tsaya. Ban san me take jira ba, ko kuma in ce na sani. Sannan ta juya tana bin bango.

Gwaggo ta yafa mayafi ta je kemis da kanta, ta sayo ƙwayar ciwon jiki irin wadda masu dako ke sha, ta ce a riƙa haɗa mata bibbiyu. Ranar Litinin Kabiru ya zo da keke napep don a mayar da ita gwaji kamar yadda nas ta ce. Gwaggo ta leƙa zaure ta ce mai jego ba ta taka titi kafin suna, ya je ya ji da maganar rago. Yaron nan ya shafa kai ya sallami mai keke. Ina bayan labule ina jin komai.

Ranar Talata maƙwabciyarmu Mama Rifkatu ta shigo barka da sabulu da atamfa. Tsohuwar nas ce, ta yi ritaya, 'yan Wusasa ne asalinsu, shekara goma sha biyar katanga ɗaya ta raba mu. Tana zaune a ɗakin mai jego aka miƙa wa yarinyar kofin kunu. Ta kai hannu, hannun ya wuce ta gefen kofin. Ta sake kaiwa, ya sake wucewa. Ina tsaye a bakin ƙofa da tire, na gani.

Mama Rifkatu ta ce, "Salamatu, me ke damun idonki?"

Ta ce, "Walƙiya-walƙiya nake gani, Mama. Gefen nan kuma duhu."

Da za ta tafi ta kamo hannuna har zaure. Ta ce, "Malama, 'yar nan taki ba lafiya. Fuskar nan ba ƙibar jego ba ce. Bari in ɗauko abin awon jinina yanzun nan, minti biyu ne."

Na ce, "To, bari in gaya wa gwaggonta."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kika haife ta ko gwaggonta?"

Kun san abin da na yi? Dariya na yi. Irin dariyar nan ta kunya, har da rufe baki da gefen mayafi. In na tuna dariyar nan ji nake kamar in mari kaina.

Na je na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Ikon Allah! Gida cike da mutane, jibi suna, a ɗaura wa mai jego kayan asibiti a hannu? Dangin miji su ce me, mun ba su maras lafiya? Hayaƙin itace ne ya shige mata ido. A bari a yi suna." Ni da ƙafata na je na kai wa Mama Rifkatu amsa, na ce an gode, sai bayan suna. Ta dube ni ta ce, "Ƙofata a buɗe take."

Bari in faɗi abin da nake tsoro, don kada a ɗauka wani babban abu ne. Tsoro nake mata su ce Malama ta zubar da kunya, ta kasa kau da kai a kan 'yar fari. Shi ke nan. Abin da na ɗora a ma'auni ɗaya da ran 'yata ke nan, kuma shi ya rinjaya.

Laraba, jajiberin suna, gida ya cika da mata, ana suyar cincin ana gyaran shinkafa. An gama mata wankan safe ke nan ta shiga ɗaki, ina bakin murhu na ji faɗuwar tasa, sai ihun Gwaggo. Na taso da ludayi a hannuna. Tana ƙasa, idanu sun juye sai fari, haƙora sun datse, jikinta gaba ɗaya yana jijjiga, kumfa da jini suna fita ta gefen baki. Allah Ya taimaka jaririyar tana kan gado. Wasu matan suka yi waje da gudu suna cewa kada yawun ya taɓa kowa. Wata ta cusa mata cokali a baki, har ya ɓalle mata haƙori. Wata ta ce iska ce, ai mai jego jikinta a buɗe yake. Aka kawo garwashi aka turara hayaƙi a ɗakin da mutum ke neman numfashi. Aka aika aka kira wani malami ya zo ya yi mata karatu.

Ni ban raina addu'a ba, da ita nake tsaye har yau. Amma addu'ar nan da a cikin keke aka yi ta, Allah Yana ji. Jijjigar ta lafa, ta kwanta kamar mai barci, aka ce alhamdulillahi iskar ta sake ta. Kusan awa biyu muna a haka. Ina ina duk wannan lokacin? Ina bakin ƙofa, da ludayi. Ko a nan ban shiga ba.

Da jijjiga ta biyu ta zo, ta fi ta farko tsawo, har leɓenta ya yi baƙi. Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ba takalmi ba. Na faɗa gidan Mama Rifkatu ko sallama babu. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauki jakarta ta biyo ni. Ta ture mata, ta fitar da garwashin waje, ta zare cokalin ta yi jifa da shi, ta juyar da yarinyar ta kwanta ta gefe. Ta ɗaura abin awo, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Ya haura ɗari biyu. A samo keke." Gwaggo ta fara cewa malam ya ce a jira, Mama Rifkatu ta daka mata tsawar da ban taɓa jin an yi wa Gwaggo Lami irinta ba. Ta ce, "Hajiya, in ta mutu a ɗakin nan, gobe ki raba cincin ɗin a wajen zaman makoki!" Allah Ya saka wa matar nan da alheri, Ya raya mata zuriya.

A ƙaramin asibitin da ta haihu suka yi mata allura, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, suka ba mu takarda zuwa babban asibiti. Kafin mu isa azahar ta wuce. Kabiru ya shiga layin yankar kati, mu kuma muna riƙe da ita a kan benci, sai ta uku ta zo. Nas-nas biyu suka rugo suka ɗauke ta ba su jira kati ba, na gode musu har gobe. Amma daga nan komai sai an rubuta maka ka je ka sayo, safar hannu, sirinji, ruwan ƙari, har auduga. Kabiru ya yi ta safa da marwa tsakanin ɗakin da wurin sayar da magani, rigarsa sharkaf da gumi.

Wata likita ce ta karɓe mu, yarinya ce, ba za ta girmi 'yata da yawa ba. Bayan sun samu jijjigar ta tsaya, ta fito ta ce wace ce mahaifiyarta. Gwaggo ta matso. Likitar ta tambaye ta yaushe ciwon kai ya fara, Gwaggo ta ce jiya ne ko shekaranjiya. Wane magani take sha da ciki? Gwaggo ta ce wasu 'yan ƙwayoyi ne dai. Sai na ji bakina yana magana. Na ce ciwon kai ranar Asabar ya fara, a ƙeya. Na faɗi sunan ƙwayar hawan jinin, da ranar da aka daina ba ta, da ƙwayar kemis da guda nawa take sha, da ranar da hannunta ya wuce kofi, da yawan kunun da take sha, har da cewa fitsarinta ya ragu, don ni ke zubar da fo.

Likitar ta daina rubutu. Ta ce, "Mama, ke ce wa?"

Na ce, "Ni na haife ta."

Ta ce, "Kin san duk wannan?"

Ba ta ƙara komai a kai ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta shigar da ni wajen gadon. An sa mata robar iska a hanci, ruwa a hannu biyu. Likitar ta buɗe mata ido ta haska, ta murza mata ƙirji, ba ta motsa ba. Ta ce, "Mama, matso kusa da kunnenta ki kira sunanta. Wani lokaci sun fi jin muryar da suka sani."

Na sunkuya, na ce, "Ke."

"Sunanta, Mama."

Gwaggo tana bayana, Kabiru yana bakin ƙofa, ga nas-nas, ga masu jinyar gadon kusa. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Sai na dubi haƙorin nan da ya ɓalle. Na ce, "Salamatu." A hankali ya fito. Na sake, "Salamatu!" Daga nan kuma na kasa tsayawa. Na yi ta kira, ina kuka ina kira, na shekara ashirin da huɗu duk na zube su a kunnenta, har sai da wata nas ta kama kafaɗata. Salamatu ba ta ko motsa yatsa ba.

Washegari aka raɗa wa jaririya suna a masallaci, aka yanka rago, na ji an ce shinkafar ma ta yi daɗi. Sunan da aka ce a bari a yi, an yi shi. Uwar 'ya tana kwance ba ta san inda kanta yake ba.

A mako na biyu aka ce sai an yi hoton ƙwaƙwalwa. Na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen da nake ajiya, Kabiru ya sayar da babur ɗinsa, malaman makarantarmu suka yi karo-karo. Kwana biyu muna bin layin hoton. Da ya fito likitar ta ɗaga shi a jikin taga ta nuna mini wasu farare-farare a ɓangaren ƙeya, dama da hagu. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, ban riƙe ba. Ta ce in jini ya hau farat ɗaya, ƙananan jijiyoyin bayan ƙwaƙwalwa sai su kasa riƙewa, ruwa ya riƙa tsattsafowa, wurin ya kumbura. A nan bayan kuma gani yake, shi ya sa ido ke fara nunawa.

Na ce, "Likita, mata nawa ke shan kunun kanwa su yi wanka su tashi lafiya? Ni ma na sha. Me ya sa ita?"

Ta ce ba kowace mai jego ba ce, amma Salamatu abubuwa ne suka taru a kanta. Cikin fari ne. Jininta ya hau tun da ciki, kuma haihuwa ba ta sauke shi nan take, a makon farko ma yakan ƙara hawa. An yanke mata magani rana ɗaya. Ƙodarta ta riga ta gaji, aka ƙara mata kanwa, aka ƙara mata ƙwayar kemis mai wahalar da ƙoda. Ta ce ciwon kai da ba ya jin magani, da gani da ya fara rikicewa, su ne gargaɗi na ƙarshe kafin jijjiga. Kuma kowace jijjiga da aka bari ta maimaita, ɓarna take ƙarawa.

Sannan ta faɗi maganar da ta zauna mini a ƙirji har yau. Ta ce, "Abin da ke ba ni haushi da ciwon nan, Mama, in an kama shi da wuri komawa yake yi kamar ba a yi ba." Ta sa bakin biro a kan wani ɗan tabo a gefe ɗaya. "Wannan kumburin duk zai sauka in sha Allahu. Amma nan jini ya riga ya zuba. Shi ne ban yi miki alkawari ba."

'Yan dubiya kuwa ba su fasa zuwa ba, kowa da nasa ilmin. Wata ta ce a kai ta ƙauye wajen mai maganin iska. Wata ta ce kada a bari dangin Kabiru su ji kalmar farfaɗiya, saboda ƙannenta mata da ba su yi aure ba. Wata ta kawo kunun kanwa a fulas, wai kada nono ya ƙafe. Na karɓa na gode, na je na tuttular a kwata a gabanta. Ran nan aka fara cewa jinya ta taɓa wa Malama kai. Jaririya kuma tana wajen Mama Rifkatu, ita ke dama mata madara. Kullum da safe in na goge wa Salamatu jiki sai in sunkuya in kira ta. Na daina duba wa ke kusa.

Ranar kwana na tara da kwanciyarta, da hantsi, na fita sayo ruwan zafi na dawo na tarar ta buɗe ido. Ta ce, "Wa ya kashe wuta?" Rana tana dukan gadonta ta taga. Kwana huɗu ba ta ganin komai. A na biyar ta ce tana ganin inuwar mutane. A mako na huɗu ta gane launin zanena, ta ce, "Inna, wannan ba shi ne na bikina ba?" Na fita baranda na yi kuka na dawo. Da aka kawo mata 'yarta sai da ta juya kai gaba ɗaya kafin ta same ta, don an miƙo ta ne ta hagu.

Hagun nan ne bai dawo ba. Yau wata biyar da sallamo mu. Duk abin da ke gefenta na hagu babu shi a duniyarta, sai ta waiwaya. Tana cin tuwo ta bar rabin kwano ba ta sani ba. Ta buge ƙofa har goshinta ya yi tabo. Ɗinkin hula da take yi ta daina, kuma ba ta tsallaka titi ita kaɗai. Tana shan maganin hawan jini da na jijjiga, duk wata muna komawa. Likita ta ce wataƙila ya ƙaru kaɗan, wataƙila iyakarsa ke nan.

Gwaggo Lami ta zo sau ɗaya bayan mun dawo. Ta yi kuka, kuma na san kukan gaskiya ne, ita ta goya ta, abin da ta sani ta yi. Amma da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, "Sai dai an ce kin yi ta kwaɗa kiran sunanta a gaban surukinki. Haba Hajara, ko ba komai ai a bar wa kunya wurinta." Na ce, "Yaya, kunyar tana nan, ga ta can a ɗaki tana cin karo da ƙofa." Ba ta sake zuwa ba, ni ma ban je ba. Ina jin haushinta, amma ba kamar yadda nake jin nawa ba. Ita ba ta karanta katin ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Mai jego in ta ce kanta, musamman in da ma an ce jininta ya hau, a gwada jinin a ranar, ba bayan suna ba. In ta ce tana ganin walƙiya ko duhu, a nemi abin hawa kafin a nemi mayafi. Kada a yanke mata magani don ta haihu. In ta faɗi, a kwantar da ita ta gefe, kada a sa mata komai a baki, kuma yawunta ba ya sa wa kowa ciwo. Wadda ta gani ita za ta yi magana, ko da kuwa ita ce aka ce ta kau da kai.

Tunda ta farfaɗo ban sake kiran sunan a gabanta ba. Ba zan ɓoye ba, da ta buɗe ido sai tsohon halin ya dawo mini, na koma "ke". Makon jiya da yamma muna zaune a tsakar gida, ina taje mata kai, 'yarta tana barci a cinyarta. Sai ta ce, "Inna, akwai abin da nake so in tambaye ki. Lokacin da nake kwance ban san komai ba, amma akwai wata mata da ta riƙa zuwa tana kiran sunana. Kullum sai ta zo. Ina jin ta can nesa, ina so in amsa na kasa. In ta daina sai in ji tsoro."

Na tsayar da matajin. Na ce, "Wace ce?"

Ta ce, "Shi ne ban sani ba. Ki tambayar mini nas-nas ɗin in mun koma, ina so in yi mata godiya. Muryarta irin taki ce sak. Amma na san ba ke ba ce."